Inda Inuwar Gwaiba Ta Tsaya

Jiya ina shara na tsinci gwangwanin madarar da kakana yake awon taki da shi, duk ya yi tsatsa. Shekara biyu ke nan da rasuwarsa.

Shekarar da motoci suka cika Tafoki da takin zamani, ya zuba wa mangwaronsa, kaɗan ya rage a buhu. Kunya ta hana ni roƙo. Na ɗebo a ɓoye, na tula a gindin 'yar gwaibar da na dasa, hannuna yana raɗaɗi.

Da rana tsaka ya gani. Ya ce, "Amarya, kashe ta za ki yi? Ke a wuya ake zuba miki tuwo?"

Ya kwashe takin, ya zana da'ira da sandarsa daidai inda inuwar ta tsaya. "Nan ƙananan saiwoyinta suke, da su take ci. Barbaɗa kaɗan, ki rufe da ƙasa, ki ba ta ruwa. Sai ya narke take iya sha."

Gwaibar ta rayu. Duk damina ina sake zanen, bana ya kai har inda yake shimfiɗa buzunsa. Allah ya yalwata masa kabarinsa fiye da haka.