Taken Babanmu a Gangar Noma

Ranar wata Asabar ce a tsakiyar watan Agusta, damina ta biyu bayan an ƙaddamar da shari'a a jiharmu, gari ya waye mini a tsugune gaban murhun Kaka ina juya ganga. Ruwan da aka kwana ana yi ya ɗauke, tsakar gida duk taɓo, kaji sun takure a gindin rumbu, hayaƙin ɗanyen ice sai shiga mini ido yake yi. Ban fi shekara tara ba, gangar kuwa in na tsuguna ta kusa rufe ni. Mai ita, Baba Nomau, tsohon makaɗin noman ƙauyenmu, yana zaune a kan turmin da aka kife. Jim kaɗan sai ya miƙo yatsa ya ƙwanƙwasa fatar, ya kara kunne, ya girgiza kai. "Juya ta, 'yar birni," in ji shi, "ɗumama ta na ce ki yi, ba gasawa ba. Ba masara ba ce." Ganga in ta sha sanyin damina fatarta takan saki ta ƙi magana, sai ta ji wuta. Ni kuwa duk duniya ba abin da nake so ran nan irin gangar nan ta yi magana, domin an ce mini babana yana cikinta.

Ban san babana ba. Ya rasu ina ƙarama ƙwarai, ƙanena kuma yana ciki, shi ya sa da aka haife shi aka mayar masa da sunan, Lawal, muke kiransa Abba. Innarmu ta koma da mu cikin garin Daura, gidan yayanta Kawu Malam, ba nisa da Kusugu. Can muka tashi, boko da safe, allo da yamma. Amma da zarar an ba da dogon hutu, mun share filin makaranta na ƙarshe mun kife bencina, sai Inna ta ƙulle mana kayanmu a ɗankwali, a sa mu a motar Baure, a danƙa mu a hannun direba. A wani ɗan ƙauye kafin a kai Baure ake sauke mu, wajen Kaka Hajjo, mahaifiyar babanmu. Hoton babanmu ko ɗaya babu. Inna in ka tambaye ta sai idonta ya kawo ruwa, dole ka yi shiru. Na sa rai ko a wurin Kaka zan ji labarinsa, ashe nan ne ma ba hali.

Babanmu ɗan farinta ne. Mutanen da, ballantana na ƙauye, mace ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta nuna ta damu da shi, ko da ciwo yake yi sai dai ta aika wani ya duba. Kaka ta riƙe wannan alkunya da hannu biyu, yana raye da bayan ransa. "Yaron nan" take cewa, in kuma ta matsu ta ce "uban waɗannan". Har wani Lawal mai sayar da kananzir da ke maƙwabtaka, "mai sunan yaro" take kiransa. Abba kuwa Maigida take ce masa, tana tsokanarsa wai ya bar ta ba cefane. An ce ranar da aka fita da gawar babanmu, ɗaki ta shiga ta ci gaba da kaɗin audugarta, ba wanda ya ga hawayenta. Ni da rashin wayo sai na ɗauka ba ta son shi ne, har nakan yi fushi da ita a raina. In na ce, "Kaka, Baba dogo ne?" sai ta ce, "Ke, tashi ki ba ni wuri, tsidau kawai. Je ki kora awakin can."

Ban da wannan, hutun ƙauye kam ba a magana. Da sassafe mu bi 'yan matan gida rijiya, mu dawo mu yi surfe, hannuna na 'yar birni duk ya yi kanta ana yi mini dariya. Mu shiga gona tsinkar tafasa da rama, Kaka ta yi mana kwaɗo da ƙuli, mu ci har ciki ya yi tulu. In an ɗauke ruwa mu zauna a jiƙaƙƙen yashi muna gina ɗakuna a kan ƙafa, maza suna langa, mu muna carafke da 'yan duwatsu. Sai kuma gayya, wadda ita ce sallarmu ta damina. Mai gona ya gayyaci samari su taru su yi masa huɗa, mata su dama fura, yara mu kai. Makaɗi yana biye da manoma da gangarsa a rataye. Kowane manomi yana da takensa, wato kiɗan da yake nasa shi kaɗai, gangar tana faɗin kirarinsa da sunansa. Mutum ya gaji har garma tana neman faɗuwa daga hannunsa, da ya ji takensa sai ka ga ya yi kururuwa ya wuce na gabansa. Wata gwaggonmu ce ta tsegunta mini, muna wanke-wanke, cewa babanmu ma yana da take, kuma a zamaninsa ba a taɓa riga shi kai ƙarshen gona ba. Baba Nomau ne ya yi masa taken, shi kaɗai ne kuma ya iya kaɗa shi.

To, ga inda abin ya tsaya. A wancan lokacin wa'azi ya yi ƙarfi, mutane suka shiga gyara tsakaninsu da Ubangiji, kowa da abin da ya ajiye. Ba wanda ya zo ya ƙwace gangar Baba Nomau, ba wanda ya kai shi ƙara. Shi da kansa, bayan wata sallar Juma'a, ya dawo ya rataye ta a wani tsohon ɗaki mai yoyo, ya ce ya tuba. 'Ya'yansa dama ba wanda ya koya, kunya ma suke ji a ce musu 'ya'yan makaɗi. Ga shi ya tsufa, ido ya fara yi masa hazo. Gayya ta koma ta shiru, ba ka jin komai sai ƙarar garma da nishi. Mu kuma Kawu Malam ya riga ya faɗa, cikin lumana, cewa daga baɗi za mu riƙa yin hutu a Islamiyya, zuwa ƙauye sai dai da salla. Kaka ta ji wannan magana a bakin Abba. Washegari dai ta sa aka shiga gari ana gayyatar samari huɗar gonar yaron nan.

Ana jibi gayyar, Kaka ta yafa mayafinta, ta riƙo hannun Abba, ni ina biye, muka je ƙofar gidan Baba Nomau. Yana zaune a zaure yana jan carbi. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ta ruwa, ta amfanin gona, ta ciwon ƙafa. Kafin ta buɗe baki ya riga ta. "Hajjo, na san abin da ya kawo ki. Na tuba." Kaka ta dubi ƙasa ta ce, "Ni na ji nawa, Nomau, ba don kaina na zo ba. Waɗannan ne ba su san shi ba. Ni kuma ka san ba ni da bakin faɗa musu." Tsohon ya ajiye carbinsa. Ya jawo Abba ya shafa kansa, ya shafa kafaɗunsa, ya ce kafaɗun ma irin na ubansa ne. Sannan ya ce zai kaɗa sau ɗaya, taken mutum ɗaya, kuma ba zai yi kirari da bakinsa ba, in ya so Allah Ya yafe masa. Da aka sauko da gangar duk yanar gizo ce da ƙura, ɓera ya ɗan taɓa igiyar, fatar ta yi laushi kamar tsumma. Shi ya sa ranar gayyar na wayi gari a gaban murhu.

Hantsi ya ɗaga muka isa gona da ƙoren fura a ka. Gero ya kai mini ƙirji, kore shar, ƙasa tana ƙamshi. Samari sun jeru kowa ya kama layinsa. Wasu dattawa da suka yi noma tare da babanmu, da suka ji labarin abin da za a yi, su ma sun zo sun tsaya a gefe da sandunansu. Kaka ta zauna can nesa a gindin tsamiya, ta ba wa gonar baya, wai ita tsintar tsakuwa take yi a cikin wake. Baba Nomau ya rataya gangar, ya ɗauki gula, wato lanƙwasasshen sandan kiɗa, ya ce a kawo Abba gabansa a ba shi 'yar fartanya ya riƙe. Ni na tsaya a gefensa.

Ban taɓa jin ganga kurkusa haka ba. Ba a kunne na ji ta ba, a ciki na ji ta, har haƙorana. Da ya sauke gula, tsuntsaye suka tashi daga cikin gero, samari suka ɗago kai gaba ɗaya. Dattawan nan kuwa, wallahi kamar an zuba musu sabon jini, sai suka shiga fassara abin da gangar ke faɗa da ƙarfi. "Mai riga rana fita!" Ganga ta sake magana. "Mai barin gona sai ta ce ta gaji!" Wani tsoho har ya yar da sandarsa ya karɓi garmar wani saurayi. Abba, da bai san komai ba, ya hau saran ƙasa da fartanyarsa yana dariya. Ni kuwa sai na ga mutum a idona, dogo, baƙi, gumi yana zuba a bayansa, yana gaba kowa yana biye. Saura kawai gangar ta kama sunansa, wanda shi ne ƙarshen take. Baba Nomau ya ɗaga gula sama ya sauke da ƙarfi, sai muka ji ɓarak. Fatar ta yage tun daga tsakiya har baki.

Gonar ta yi tsit. Tsohon ya tsaya da gula a hannu, ya riga ya yi alkawarin ba zai yi da baki ba. Dattawan suka dubi juna, ba wanda ya iya ƙarasawa, domin kiran sunan mamaci a gonarsa, uwarsa tana zaune, abu ne mai nauyi. Kuka ya taho mini. Na ce shi ke nan, rabin uba aka ba mu. Sai muka ji murya daga gindin tsamiya. Kaka ce. Ta miƙe tsaye, wake ya zube daga faifai ba ta ko duba ba, ta juyo ta fuskanci gonar. Ta ɗaga murya, kowa ya ji. "Lawali!" ta ce. "Lawali na Hajjo, gona ta san ka!" Ta sake faɗa, a karo na biyu a hankali, kamar tana kiransa ya zo ya ci abinci. Matan da suka kawo fura suka rufe baki da hannu. Tun ranar da ta haife shi, sai ran nan sunan ya fita daga bakinta. Ta zauna ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna girgiza. Na je na zauna a jikinta, ba ta ce in tashi in ba ta wuri ba.

Ba ta ƙara kiran sunan ba har ta koma ga Allah. Washegari ma "yaron nan" ta ci gaba da cewa, Abba ya ci gaba da zama Maigida. Baba Nomau bai sake wa gangar fata ba. Ya ce fata in ta daɗe ba a kaɗa ta ba mutuwa take yi, ita ma ta tuba ke nan. Daga baya na ga kwarangwal ɗinta a bayan gidansa, kaza tana ƙwai a ciki. Bai ƙara ganin damina da yawa ba shi ma.

Yanzu ni ke da 'ya'ya, kuma in an ba da dogon hutu nakan kai su ƙauyen su kwana biyu, ko da suna ƙorafin ba wuta ba cajin waya. Gonar tana nan a hannun Abba, amma ba a gayya, maganin ciyawa ake fesawa, shanu su yi huɗa. Kiɗa kuwa ya fi na da yawa, yana cikin aljihun kowa, sai dai ba wanda aka yi domin mutum ɗaya, ba kuma wanda ya san sunanka. Na nemi mai gangar noma a ƙauyukan da ke kewaye don yaran su ji da kunnensu, aka ce sai dai ko can wajen Mashi, shi ma ba tabbas. Sai nakan zaunar da su a gindin tsamiyar nan, in kife ƙwarya, in kaɗa musu abin da kunnena ya riƙe. Rabi ne, don iyakar abin da na ji ke nan. In na kai inda fatar ta yage sai in tsaya, in faɗi sauran da baki yadda Kaka ta faɗa.

Ɗana na fari sunansa Lawal. Ni 'yar boko ce, ba wanda ya hana ni kiran sunansa, amma har yau in na buɗe baki sai in ji na ce "yaron nan". Sai yanzu na san irin son da ke cikin wannan shirun.