Fentin da Na Sa Aka Yi wa Jitar Yaya

Yayana mai gyaran agogo ne. Shekara arba'in ya yi a wani ɗan shago kusa da tashar mota. Bai yi arziki ba, bai kuma damu ba. Da matarsa ta rasu ya dawo gidana da akwati ɗaya da jitarsa, wadda tun da ya saye ta yana saurayi ma ba sabuwa ba ce. Gabanta ya koɗe inda hannunsa ke gogawa, gefenta da tabon ƙunar sigari. Ni dai kunya take ba ni in baƙi suka shigo falo.

Surukinsa ya taɓa kawo masa sabuwa dal. Ya kaɗa sau biyu ya mayar masa.

"Ba ka so, Baba?"

"Ƙara take yi, ba ta da murya tukuna. Katakon ɗanye ne. Je ka kaɗa ta shekara talatin, ka dawo mu yi magana."

Na ce, "Kai da taka duk kun tsufa, shi ya sa kuke yabon juna."

Ya yi dariya, ya ja waya ɗaya a tsohuwar. Har na kai ƙofar kicin sautin bai mutu ba. Na ji bambancin sarai, ban dai faɗa ba.

Da aka kwantar da shi asibiti za a yi masa aikin ido, sai na ce bari in yi abin kirki. Na kai tsohuwar jitar wurin kafintan da ya yi mini kabad. Ya goge ta da sanfefa, ya shafa mata fenti mai ƙyalli har sau uku. Ta fito kamar teburin otal. Daɗi na ji.

Ranar da aka sallamo shi, da bandeji a ido, ya ce a miƙo masa ita. Ya shafa gabanta, hannunsa ya tsaya. Ya kaɗa. Sautin ya fito ya mutu nan take, kamar an buga kwali.

"Auta, wa ya taɓa ta?"

"Ni ce, Yaya. Gyara na sa aka yi mata."

"To. Sannu da ƙoƙari."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ya ƙara shekara shida a duniya, kullum da yamma yana kaɗa ta, wai ko muryarta za ta sake buɗewa. Ba ta buɗe ba. Yanzu tana ɗakina a bayan kabad ɗin, na juya gabanta bango.