Muttaƙa, Mai Gadin Ƙofar da Ba a Gani

"Gobe kowa ya dawo biro! Ruma'isa kuma ta aiko mana da ordinatarmu, ta je ta yi renonta."

"Ranka ya daɗe, ba ta wajenta ɓarayin suka shigo ba."

"To ta wajen wa? Ta wajena?"

Ni ina bakin ƙofar biron, wato ofis, da ƙwaryar furata, wai ina korar ƙuda. Mai ɗaga murya Alhaji Illo ne, shugaban sosayeten da ke sayen riɗi a nan Dungas. Mai amsawa a hankali shi ne Muttaƙa, wanda saboda shi na ɗauki alƙalami da ɗan karatuna na yaƙi da jahilci. Ruma'isa jikata ce, tana jego a Yekuwa, daga ɗaki take aikinta da ordinata, wato kwamfuta, kuma aikin nan ne ke riƙe da gidanta.

Shekara tara ina kallon Muttaƙa. Kafin kowa ya zo ya iso, ya duba akwatin nan mai ƙyafta ido da ke raba rezo, wato intanet, ya sha fura a tsaye, ya hau moto. Yau Waca, gobe Yekuwa, wajen ma'aikatan da ke aiki daga ƙauye. Mai caji na kasuwar Waca har yau ba ya amsa gaisuwarsa, don ya hana a riƙa barin wayar aiki a teburinsa. Matar Manzo mai awo ta raɗa mini cewa Muttaƙa ya tarar mijinta ya cika ordinatar aiki da waƙoƙin kasuwa. Bai kai ƙara ba. Ya zauna kan tabarma ya wanke na'urar tas, har ya ci musu tuwo malmala biyu.

Kullum yana ce musu, wanda ya danna abin da bai kamata ba ya kira shi nan take, ba zai tona shi ba. Shi ya sa da saƙo ya zo wa Ruma'isa da sunan Alhaji, ta buɗe, ta ga na'ura ta haukace, sai ta kira shi, jariri na bakin nono. Ya yanke ta daga rezo kafin a kwashe sunayen manoma da lambobinsu.

Mu koma faɗan. Muttaƙa ya ce, "Daga akwatin wasiƙunka saƙon ya fita, ranka ya daɗe. An gane kalmarka ta sirri."

Alhaji ya yi dariya. "Kalmar da ni kaina ban taɓa furta ta ba?"

Wallahi bakina ne ya riga ni. Na leƙo na ce, "Alhaji, sunan da uba ba ya faɗa ai na ɗan fari ne. Abdulwahab! Ni na daka furar sunan."

Muttaƙa ya duƙar da kai, yana danne dariya.

Kai ne, Muttaƙa ɗan nan, ka tsaya wa mai jego alhali kana iya yin shiru ka ci tuwonka. Kai ne mai gadi ba sanda, ba a jin labarinka sai ranar da abu ya ɓaci. Na gode, Allah ya yi maka albarka, ya ba ka mata mai haƙurin ƙurar moto. Ku kuma masu aiki da na'ura, ku yi koyi da shi: ku rufa wa mai kuskure asiri, ku daina kulle ƙofa da sunan da duk gari ya ci ragonsa.

Au, ban ƙarasa muku ba. Alhaji ya miƙe yana gyara hula.

"Ruma'isa ta ci gaba da aikinta a gida. Kai, canza mini kalmar. Ke kuma Goggo Tata, ki matsar da ƙwaryarki can gindin bishiyar bedi, inda kunnenki ba zai kai ba!"

Ya fice, ya buga ƙofa garam, har ludayina ya faɗo ƙasa.