Jar Motar Fo Sename Ta Sami Sabuwar Direba

Duk wanda ya zauna a garin Kpalime ya san jar motar Sename mai ɗaukar hoto, wanda ake kira Fo Sename don girmamawa. Ƙarama ce, kujera biyu, ba rufi, ga dogon hanci, ƙirar Ingila, ta kuma girme wa 'ya'yansa duka. Tun yana saurayi ya saye ta a hannun wani Bature mai gonar kofi da zai koma ƙasarsu. Lokacin ko tashi ba ta yi, kaji har sun fara ƙwai a kan kujerunta, da igiya aka jawo ta gida. Ya yi shekaru yana lallaɓa ta har ta miƙe. Da wayoyin hannu suka kashe kasuwar hoto bai zauna makoki ba, motar ce ta riƙe shagon, domin babu amaryar da za ta yarda a watse biki ba ta jingina da ita an ɗauka ba.

Ƙa'idarsa ɗaya ce, ba a canza mata komai. Yadda aka ƙera ta haka za ta tsufa. Birkinta kuwa irin na da ne, sai an taka sau biyu, na biyun da ƙarfin cinya gaba ɗaya. In yana gangarowa daga dutsen Kloto sai ya yi zafi ya fara ƙauri, dole ya tsaya a rabin hanya ya huce. Shi bai ɗauki wannan aibi ba, ya san halinta, da rage giyar mota yake rarrashinta.

Gameli makanike, abokinsa tun na firamare, shi ne ba ya barinsa ya sha ruwa.

"Sename, wannan ba birki ba ne, roƙo ne. Kana takawa tana shawara."

"Shekara nawa ina tuƙa ta, ko akuya na taɓa bugewa?"

"Ai awakin garin nan sun san ka, tun daga nesa suke ba ka hanya."

Haka suke har furfura ta rufe su, babu wanda ya saki.

Matarsa, wadda ake kira Da Mawuena don girmamawa, ungozoma ce, rabin matasan unguwar a hannunta suka faɗo. Watan da ta ajiye aiki, suna cin sakwara da miyar gyaɗa, ta ce tana so ta koyi tuƙi.

"To, sai a nemo miki makaranta."

"Motar da ke gidana nake nufi, Fo. Na gaji da zaman ɗan rakiya."

Ya ajiye lomarsa. Ko 'ya'yansa bai taɓa bari sun riƙe sitiyarin ba. Amma ya dubi matar da ta yi shekaru tana jure warin fetur a tsakar gidanta, ya kasa cewa a'a.

Ranar Asabar ya kai ta filin ƙwallon makaranta. Sa giya bai ba ta wahala ba. Da ya ce ta tsaya ne aka sami matsala. Ta taka, ta sake takawa, ta riƙe sitiyari ta miƙe tsaye a kan birkin, motar kuwa tana tafiya a hankali abinta har ta shige cikin ragar gola ta tsaya. Ya yi tsammanin za ta tsorata. Sai ta kifa kai a kan sitiyari tana dariya har da hawaye, tana cewa ta ci ɗaya ba ko ɗaya. Rabon da ya ji ta yi irin wannan dariya tun suna saurayi da budurwa.

Washegari bayan an tashi coci ya nufi garejin Gameli, ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya shirya shan tsiya, sai ya ga abokin ya jawo masa benci.

"Gaskiya in don kai ne, ba sai an canza ba," in ji Gameli. "A gyara na cikin da kyau, a sa sabon mai, ya ishi yawon Lahadi. Amma ƙafar Mawuena ba taka ba ce, kuma yanzu gari ya cika da 'yan acaɓa. A sa wa motar birki na zamani mai faifai a gaba, da abin da zai taimaka wa ƙafa."

Sename ya kafa sharaɗi: ba yanka, ba huda, duk abin da aka cire a shafa masa giris a ajiye, ko wata rana za a mayar. Da labari ya kai Lome, wasu abokansa masu tsofaffin motoci suka bugo waya suna jajanta masa, wai ya zubar da darajarta.

"Wa ya ce muku sayarwa zan yi?" Iyakar amsarsa ke nan.

Da kaya suka iso aka ɗaura, shi ya fara gwadawa. Ya taka da ƙarfin da ya saba, motar ta kafe nan take, hularsa ta yi gaba, saura kaɗan ya sumbaci gilashi. Gameli ya zauna a ƙasa don dariya. Shi ma ya dara, amma a hanyar gida sai ya gane abu guda. Gwanintar da ƙafarsa ta tara shekara da shekaru ta tashi a banza, yanzu ko da yatsa aka taɓa sai ta tsaya. Wannan ya ɗan sosa masa rai, bai gaya wa kowa ba.

Mawuena ta sami lasisi kafin damina ta ƙare. Tafiyarta ta farko mai nisa ita ce ƙauyensu mai suna Kuma, can saman dutse. Ta ɗaura kallabi tamau, ta sa baƙin tabarau, maigida na gefe ya rungume jarkar manja da za a kai tsaraba. A kwanar farko yana ta taka ƙasan motar da ƙafarsa kamar yana taka birki, har ta ce ya bari kada ya huda mata mota. Daga nan ya saki jiki.

Suna shiga ƙauyen mata suka bar shanyar kofi suka biyo su da guɗa. Yayarta, Da Ablewa, tsohuwa mai dogara sanda, ta zagaya motar ta leƙa ta ga wanda ke kan sitiyari, sannan ta ƙwanƙwasa ƙofar Sename da sandar.

"Sauka, suruki. Ƙanwata za ta zaga da ni."

Ya sauka da jarkarsa. Aka ba shi kujera a gindin mangwaro da ƙwaryar bammi, yana jin kukan injin yana kewaya ƙauyen, ana sauke wata tsohuwa ana ɗaukar wata. Mijin Da Ablewa ya tambaye shi yaushe za a dawo masa da motarsa.

"Mun yi rabo," ya ce, yana goge baki. "Litinin da Alhamis nawa ne, in ba ta da unguwa."