Lambar da Ba Ta Kama Ba

Mun tashi da asuba daga Kankiya, ana idar da salla muka ɗaura wa jaki kaya. Mu uku ne: ni da nake malamin lamba a ɗakin shan magani na garin, sai mai jakin, sai wani dogari da aka haɗa mu da shi don kada mutanen ƙauye su hango mu su kwashe yara su shige daji. Wanda duk ake wahalar dominsa kuwa wani ɗan akwatin katako ne, na naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu na sa a kwando. A cikinsa akwai ruwan lamba, wato rigakafin agana, a 'yan kwalabe sirara kamar tsinken tsintsiya.

Ga wanda bai san aikin ba, ruwan lamba abu ne mai rai, zafi kuma shi ne ajalinsa. Mugun halinsa shi ne idan ya mutu ba ya wari, ba ya sauya kamanni. Sai ka tsaga dantsen yaro ka shafa, ka jira kwanaki. In wurin ya tashi ya yi ƙurji, lamba ta kama. In ya warke sumul, ka yi aikin banza.

Inda muka nufa wata 'yar unguwa ce a bayan Kaikai, ta ƙasar Kusada, ba zan faɗi sunanta ba. Tun farkon bazara agana ta shiga cikinta. Da na je dubawa a lokacin, na tarar mai unguwa ya kira wanzami zai yi wa yara irin ta kakanni, a ɗebo ruwan ƙurjin wanda ciwonsa ya zo da sauƙi a sa wa mai lafiya a tsaga. Wasu sukan tsira da haka, wasu kuma ita ke kai su, shi ya sa hukuma ta hana. Ni na tsaya a zaurensa na ce a mayar da aska kube. Na yi masa alkawari da bakina cewa kafin kasuwa ta zagayo zan dawo da ta Bature wadda ba ta kisa. Dattijon ya yarda da ni, ya sallami wanzami. Kasuwa ta ci, ta sake ci, ta sake ci, ni ina Kankiya ina leƙen hanya.

Ku ji yadda maganin yake zuwa mana, ku taya ni takaici. Daga can Kudu ake sako shi a jirgin ƙasa zuwa Kano. Daga Kano a sa shi a mota, motar ta bi ta ƙofar ɗakin shan maganinmu, ina tsaye ina kallonta, ta wuce da shi babban birnin lardinmu, domin wai sai ya shiga babban sito tukuna. Can zai zauna sai an sami motar da za ta dawo, a liƙa wa direba shi kamar saƙon goro. Ban taɓa ganin buhun gyaɗa ya kwana yana jiran mota ba. Gyaɗa tana da motarta, da rumfarta, da mai gadinta, har hanyar ma dominta ake zuba wa tsakuwa.

Daga Kankiya zuwa Kafin Soli tafiyar ba laifi, da sauran sanyin safiya. Manoma sun fito sharar gona, ana tara kara ana cinna wuta, ko'ina hayaƙi. Bishiyoyi duk sun kaɗe in ban da gawo, shi ma makiyaya sun sassare rassansa sun ba dabbobi. A Kafin Soli muka tsaya shan fura. Nono ya yi wuya saboda shanu ba su ƙoshi, abin da aka dama mana ya fi kusa da ruwan tsamiya, amma mai furar ta caje mu kamar kindirmo ta zuba. Dogari ya so ya nuna mata jar rigarsa, ta ce masa rigar ba ta tatsuwa. Ya biya yana gunaguni.

Muna barin hanyar mota muka faɗa rairayi. Jaki ya nutse, mu nutse, rana kuma ta fito da niyyarta. Buhun nan ba ya jimawa yake bushewa, sai in tsayar da tafiya in tsiyaya masa ruwa daga gora. Tun mai jaki yana dariya yana kiran akwatin ɗan Bature, har ya daina, da ya ga gorarsa ma na karɓe.

"Malam, mu masu rai mu sha ƙishirwa, katako shi sha ruwa?"

Na ce masa haka aikin yake. Ya ce to Allah shi raya ɗan Bature, in ya girma ya tuna da mu.

Rijiyoyin hanya duk sun ja baya. A wata mun tarar da mata sun yi layi da tuluna, guga na fitowa da rabin laka. Da na roƙi kaɗan suka ba ni da mutunci, amma da suka ga na juye a kan buhu, wata ta riƙe baki ta ce ashe dai gaskiya ne masu aikin Nasara ba su cika lafiya ba. Ban yi musu da ita ba.

A Kusada muka kwana. An kawo mana tuwon dawa da miyar kuka mai daddawa sosai, na ci kamar ba gobe, akwati kuma na tura shi ƙarƙashin randar mai masaukinmu. Hirar garin duk ta 'yan rani ce, don a can ba a son kiran agana da sunanta. Mutanen ƙauyukan da ta shiga an daina sayen furarsu a kasuwa, ko tabarma ba a haɗawa da su.

Da hantsi muka wuce Kaikai muka isa unguwar. Tun daga nesa na ga maza sun taru a ƙofar mai unguwa, na san an yi rashi. Yaro ne, ɗan ƙanensa, ana shirin kai shi. Dattijon ya taso ya riƙe hannuna, bai ce mini na makara ba, da ma ya faɗa da ya fi mini sauƙi. Kun san al'adarmu, baƙo ba ya shiga gida da kayansa a hannu. Kafin in ankara an sauke kwandon an yi cikin gida da shi. Na ɗaga murya na ce magani ne, a kula kada ya lalace, na kuma yafuto mai jaki na ce ya bi ya ga an sa shi gindin randa. Ya ce to. Ashe jakinsa ya ja ya nufi rijiya, wai zai dawo yanzu. Ni kuwa ba yadda za a yi a ɗauki gawa ina tsaye in ce ina da uzuri, sai na bi sahu.

Makabarta da nisa, ƙasa kuma ta yi tauri, haƙa ta ɗauki lokaci. Muka dawo aka zauna gaisuwa. Sai bayan azahar na samu na nemi iso na shiga cikin gida.

Mahaifiyar mai unguwa na fara gani, tsohuwa tukuf, ita ce ungozomar unguwar, kusan duk wanda ke wurin a hannunta ya faɗo. Tana zaune a tsakar gida cikin rana tsaka, gumi ya jiƙa mata zane, da kara a hannunta tana korar kaji. A gabanta, bisa turmi, ga faifai. A kan faifan ga kwalabena an jera su reras, an goge kowace ɗaya, suna ƙyalli. Buhun yana kan danga ya bushe ƙayau.

Ta gan ni ta washe baki. "Sannu ɗana. Wa ya jiƙa maka magani haka? Ai da ka bar shi cikin wanga buhu da ya yi fumfuna. Tun da kuka tahi nike tsaronshi, ko kaza ban bari ta matso ba."

Na taɓa ɗaya, ta ƙona mini yatsa. Ita ba ta yi komai ba face abin da ta gada. Duk maganin da ta sani a duniya, saiwa ne ko ɓawo ko ganye, danshi ke kashe shi, rana ke raya shi. An ce mata kada ya lalace, ta ba shi wuninta.

Na durƙusa ina tattarawa. Dogarin ne ya leƙo daga zaure, ya ga abin da ake ciki, ya buɗe murya yadda har na bayan danga za su ji: "Tsohuwa ta kashe maganin Bature!" A lokacin kuwa mata sun riga sun cika ƙofar gida da goyonsu, kowace ta tuɓe wa ɗanta riga tana jira.

"Mi na yi?" in ji tsohuwar. Ta dubi wannan, ta dubi wancan. "Malam, mi na yi?"

Mai unguwa ya ja ni gefe ya tambaye ni ko akwai sauran amfani a ciki. Na so in ce akwai. Da na tsaga musu na shafa, da kowa ya koma gida da murna, ni ma in kama hanya da mutuncina. Amma wanda ya ɗauka an yi masa lamba zai shiga ɗakin mai ciwo ba tsoro. Na ce masa babu. Ya ce yaushe za a kawo wani. Na ce ban sani ba, kuma in ruwa ya sauka rafuka suka kawo, ko an kawo ba lalle ya iso ba. Sai ya aika a kira wanzami. Aikina ne in kai ƙarar duk wanda ya yi haka. Na tashi na koma gindin wata tsamiya a bayan gari, dogari ma ya ce shi barci yake ji.

Na yi 'yan kwanaki a unguwar ina wanke wa marasa lafiya ƙuraje da ɗan abin da na zo da shi, ba don yana warkarwa ba, don dai kada in zauna hannu sake. An ƙara rasa yara. Ba wanda ya zagi tsohuwar, uwar mai unguwa ce. Gaisuwa kawai aka rage mata. Wata mata ta fara naƙuda, mijinta ya tafi har Kaikai ya ɗauko wata ungozomar, aka wuce da ita ta ƙofar gidan. Ranar da za mu taso na shiga sallama, na tarar da kwanon tuwonta a rufe ba ta taɓa ba.

"Ɗana, hwaɗa mani gaskiya. Da ban shanya ba, da ɗiyan nan sun rayu?"

Na ce, "Inna, rai na hannun Allah." Ta gyaɗa kai. Ta gane abin da nake nufi, wato shanyar ce ta kashe maganin, ni ma a lokacin haka na ɗauka.

Ta Bauranya muka biyo a dawowa. Ba buhun jiƙawa, ruwa ya ishe mu har da na wanke fuska. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, mutane na ta fitar da iri suna dubawa. Mai jaki ya sayi ƙuli-ƙuli ya miƙo mini, ya ce in yafe masa zancen rijiya. Na ce ya wuce.

Muna isa Kankiya na tarar da abokin aikina zaune a bakin ɗakin shan magani ya yi tagumi. Kafin in ba shi labarina ya riga ni. Rabin ruwan lambar da ya rage a wurinsa, wanda bai taɓa barin gindin randa ba, ya yi wa yaran gari lamba da shi tun ranar da muka tafi. Ya zagaya da ni gida gida muna ɗaga hannuwan yara. Ko ɗaya bai tashi ba, duk sun warke sumul. Da muka matsa wa direban da ya kawo saƙon, ya ce ai motar ta lalace a hanya ta yini ta kwana, ƙunshin kuma yana can saman kaya, ba wanda ya gaya masa abin da ke ciki. Wato tun kafin ya shigo hannuna ya mutu. Gawa na ɗora wa jaki, na hana bayin Allah ruwa ina shayar da ita.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai daɗi ba ne. Magani ba ya zama magani sai ya iso da ransa, kuma a tsarin da muke ciki ba wanda aka ɗora wa alhakin isowarsa. Mai jirgi ya sauke, mai sito ya ajiye, direba ya miƙa, kowa ya yi nasa ya wanke hannu. Laifin sai ya gangaro ya faɗa kan wanda aka gani da shi a ƙarshe. Na kuma koyi kada in ƙara yi wa kowa alkawari da abin da yake zuwa a motar wani.

Ran kasuwa na sami wani mai sayar da tukwane ɗan wajen Kaikai, na roƙe shi ya je takanas ya gaya wa mai unguwa da mahaifiyarsa, a gaban mutane, cewa maganin matacce ne tun daga hanya, ba hannunta a ciki. Ya cika alkawari, ya dawo mini da amsa. Mutanen unguwar sun ce ba yadda za a yi Bature ya aiko da mataccen magani tun daga Kudu. Ita kuma tsohuwar ta ce a gaishe ni, ta gode, ta san ni yaron kirki ne, so nake in sanyaya mata rai.