Ranar da Aka Cicciɓe Ni

A kasuwar hatsi na yi ƙuruciyata, kuma a can na san ɗauka daban, cicciɓa daban. Kwano ɗaukarsa ake yi. Buhun gero kuwa, ko randa, ko turmi, sai an cicciɓa: a durƙusa, a yi bismilla, a yi nishi har jijiyar wuya ta tashi, sannan abu ya rabu da ƙasa. Kalma ce ta kaya. Ni kuwa na ɗauko ta na maƙala wa taubashina.

Ɗan ƙanwar babana ne, manomi a Batagarawa, kuma Allah ya ba shi jiki. In ya shigo birni ya zauna a bencin rumfata, sai na ce da masu dako, "Kada ku yi nisa, in ya gama hira ku cicciɓe mani shi." Shi kuma ya ce, "Tsinke, bari iska ta taso mu ga wanda za a nema." Haka muka tsufa.

Bara da damina aka aiko cewa yana kwance, yana ta cigiyata. A lokacin gwiwa ta riga ta ci amanata, daga ɗaki zuwa zaure ma sai da sanda. Na yi ta cewa gobe. Na san lungun gidansa: ruwa ya zaizaye shi, keke mai ƙafa uku ba ya shiga, ga dakalin ƙofa da tudu. Na san abin da zai faru, na kuma san bakin da ke jirana.

Uwargidana ce ta gaji. Ta ce, "Malam, gwiwa ce ta hana ka, ko tsoron ramuwa?"

"Wace ramuwa?"

"Ka fi ni sani. In ka bari sai ranar ta'aziyya, nan ma cicciɓar taka za a yi, sai dai ba mai yi maka dariya."

Washegari muka tafi. A bakin lungu 'ya'yansa biyu suka tarye mu, ƙarti, duk sun gado shi. Babban ya rusuna ya ce, "Baba, sai dai mu ɗauke ka." Na ce ƙafata ba ta mutu ba. Ina dogara sanda ta nutse a taɓo. Suka riƙe ni, ni kuma na sandare kamar azara.

Uwargida ta ce daga bayana, "Malam, buhu ma sakin jiki yake yi, shi ya sa ake iya masa."

Ni na sha faɗa wa sababbin masu dako haka. Na saki jiki. Suka yi bismilla, sai ga nishi. Nishi a kaina, ni Tsinke!

Da aka dire ni a ƙofar ɗakinsa na shiga, da ƙyar na gane shi. Jikin nan duk ya zube, idon ne kawai bai sauya ba. Ya dubi ɗansa ya ce, "Nishin me na ji a zaure? Gero aka kawo?"

Ɗan ya sunkuyar da kai. Na ce, "Ni aka cicciɓo. Ka ji daɗi?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Alhamdu lillahi! Yau magani ya karɓe ni."

Ya nemi a tashe shi zaune. Ƙaramin ya sa hannu ɗaya ya ɗago shi, ko numfashi bai ja ba. Na kau da kai ina gyara hula. Ya gani, ya ce, "Tsinke, ka rasa abin tsokana ke nan."

Na ce, "Ka warke ka maido jikinka, masu dako na nan suna jira."

Muka yi hira har la'asar. Da na yi sallama 'ya'yan suka matso za su cicciɓe ni, sai taubashina ya ɗaga hannu ya ce, "Ku dakata. A ɗage mani labulen nan tukuna. Ɗazu ji kawai na yi, yanzu gani nake so."