Makokin Kumai

Malama Bernice ba 'yar Kafanchan ba ce. Aure ne ya ɗauko ta daga Gwantu, da takardar shaidar koyarwa a gindin akwati. Mijinta Jonathan mai duba tikiti ne a jirgin ƙasa, kwana uku a gida, goma a kan layi. Ya bar ta da 'ya'ya huɗu da uwarsa, Mama Afiniki, tsohuwar da bakinta ba ya hutawa, amma da yarensu, wanda Bernice ba ta ji sai gaisuwa. A Hausa suke haɗuwa, ita ma Hausar ta aike ce: kawo, kai, sauke tukunya. Shekara goma sha ɗaya tana garin, amma a coci har lokacin sunanta "'yar Gwantun nan". Ba wanda ya tsane ta fa. Kawai dai ba wanda ya taɓa tambayarta abin da ke ranta.

A damanar 1976 wani kamfanin buga littattafai a Zariya ya sa sanarwa a jarida, ana neman ƙagaggun labarai da Hausa kafin ƙarshen Yuli. Bernice ta ga sanarwar a makare, saura mako bakwai. Da wata mai hankali ce, da ta ninke jaridar ta koma kan gyaran lissafin 'yan aji uku. Ita kuwa sai ta je kanti ta sayo littattafan rubutu shida.

Ina lokacin yake? Babu. Satarsa take yi. Da hutun ƙarfe tara, sa'ad da sauran malamai ke ɓarar gyaɗa a gindin mangwaro, ita tana aji a duƙe. Da rana tana bakin murhu, littafi a cinya, muciya a hannu. Tuwon acca ya ƙone sau biyu, Mama Afiniki ta yi ta faɗa har maƙwabta suka leƙo. Jaririn goyo ya tsula fitsari a kan babi na huɗu, aka shanya babin a igiya tare da zannuwa.

Labarin wani Kumai ne, mutumin Gwantu da ya tafi haƙar kuza a Jos, ya dawo da tari da 'yarsa marainiya, ya tarar an raba gonarsa. Sau ɗaya ta gwada karanta wa Jonathan. Ya saurari shafi guda da idonsa a lumshe, ya ce, "To, madalla, Maman Selina. Kin goge min kakin?" Daga ranar ba ta sake ba. Kumai ya zama shi ne abokin hirarta, shi kaɗai.

Aka shiga makon ƙarshe. Buhun wasiƙu zai bi jirgin Juma'a, in ya wuce ba littafinta, shi ke nan, wahalar mako bakwai ta tashi a banza. Saura babi biyu. Ranar Litinin da la'asar, Kumai ya mutu a hannunta. Ba ta shirya masa haka ba, tarin ne ya ci ƙarfinsa a kan hanyar gona, alƙalami ya bi. Ta ajiye littafin, ta zauna kusa da turmi, ta fashe da kuka irin na wadda ta daɗe ba ta yi ba.

Mama Afiniki ta fito da sauri. "Maman Selina, mene ne? Wa ya mutu?"

"Kumai ne, Mama."

"Na Gwantu?"

Bernice ta gyaɗa kai. Ai na Gwantun ne. Kafin ta share ido ta yi bayani, tsohuwa ta ɗaura ɗankwali ta yi waje. Wa ya san dangin Bernice a Kafanchan balle ya ce babu mai wannan suna?

Rana ba ta faɗi ba sai ga matan Zumunta, ƙungiyar matan coci, da itace a ka, da tabarmi, da tukwanen kunu. Mama Mildred, matar fasto, ce a gaba. Al'adarsu ce, kwana uku ba a barin mai makoki ita kaɗai, ba ta taɓa tukunya, ba ta ɗibar ruwa. Hedimasta ya aiko cewa ta huta. Ka ji abin haushi! Mako bakwai tana roƙon Ubangiji awa ɗaya ba girki ba goyo, ga kwana uku cur sun samu, amma ko bayan gida za ta, sai wata ta raka ta bakin ƙofa.

A yammacin nan ya kamata ta faɗi gaskiya, ta kuma sani. Har ta buɗe baki. Sai Mama Mildred ta kama hannunta ta ce, "Mu ba mu san shi ba, 'yar'uwa. Faɗa mana, wane irin mutum ne?"

Allah sarki. Wace ce za ta iya ƙin wannan tambaya bayan shekara goma sha ɗaya? Bernice ta fara. Ta ba su labarin ramin kuza, da yadda Kumai ke goya 'yarsa da zanen matarsa marigayiya maza suna masa dariya, da ranar da ya tsaya a bakin gonarsa yana kallon dawar wani. Mata suka kasa kunne. Wata ta ce, "Kai, duniya!" Wata ta tsine wa ƙannensa da suka raba gonar. Mama Afiniki, wadda ba ta taɓa sauraronta minti biyu ba, ta matso da kujerarta tana cewa a maimaita mata wurin da ba ta gane ba. Talata suka nemi ci gaba, Laraba ma haka. Bernice ba ta taɓa jin daɗi irin na kwanakin nan ba, ba ta kuma taɓa jin kunya irin tasu ba. Littattafan suna ƙarƙashin katifa, babi na ƙarshe fari fat.

Ranar Alhamis da safe, bayan addu'a, Mama Mildred ta ce sun yi shawara. Mata biyu za su raka ta Gwantu a motar Juma'a su yi gaisuwa, in dangi sun yarda a taho da marainiyar, Zumunta za ta riƙe ta. Har an sami mai ba da gado.

Bernice ta tashi ta shiga ɗaki. Ta fito da littattafan shida, ta ajiye a kan tabarma.

"Ga Kumai nan, Mama," ta ce. "Labari ne nake rubutawa. Ni na ƙaga shi. Babu shi, babu yarinyar. Gobe ne ranar ƙarshe ta aikawa, ku gafarta mini."

Ba wadda ta yi ihu, da ma sun yi da ya fi sauƙi. Mama Mildred ta dubi littattafan, ta ce, "Wato kwana uku muna kiran sunan Yesu a kan takarda?" Ta naɗe tabarmarta. Sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, kowace da tukunyarta. Mama Afiniki ta ja jikokinta ta shige ɗaki ta rufo ƙofa.

Gida ya yi shiru irin wanda ta daɗe tana nema. A cikinsa ta rubuta babin ƙarshe, ta gama kafin kaji su shiga akurki. Ranar Juma'a ta ɗaure littattafan da zare, ta kai gidan waya da ƙafarta, ta tsaya a bakin titi har jirgi ya yi kuka ya tashi. Ba ta da wanda za ta ce wa ta gama.

Dattawan coci suka yi mata horo, suka sa ta a bencin baya wata uku. Amsar Zariya ta zo bayan Kirsimeti, layi biyu: an gode, ba a zaɓi nata ba, ba a kuma mayar da rubutu. Ba ta da kwafi. Ta ci gaba da koyarwa, yara suna son ta, ba ta sake sayen littafin rubutu don kanta ba.

Shekara biyu bayan haka, Arzika direban motar Gwantu ya kawo mata saƙon rasuwar mahaifinta. Da ta gaya wa Mama Afiniki, tsohuwa ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Na gaske ne, ko na littafi?"

Matan Zumunta sun zo, gaskiya, amma sai washegari, bayan an aika tasha an tambayi direban. Su biyar ne. Suka zauna, suka ce Ubangiji ya ba da haƙuri. Bernice tana da abubuwa da yawa a baki game da tsohon, yadda yake sassaƙa turmi, yadda ya sayar da akuyarsa ya kai ta makaranta. Ta gyara zama ta ce, "Babana mutum ne wanda..."

Mama Mildred ta ɗaga murya ta ba da lambar waƙa. Bernice ta rufe bakinta, ta nemo shafin a littafin waƙoƙi, ta bi su.